Ruwan zoɓo, hulba da kanumfari a gashi: a riƙa aunawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana mata a kan wani abu da ya zama yayi a nan Jos, wato ɗauraye gashi da ruwan ganyayyaki. Tun da mata da yawa suka yi sallama da man rilaksa suka koma wa gashinsu na asali, da wuya a leƙa ɗakin mace a Unguwar Rogo ko Rikkos ko Gangare ba a ga gorar feshi a gaban madubi ba, cike da ruwan kanumfari da hulba da ya yi baƙi ƙirin, wani ma ya shafe wata guda a ciki. Ganyen yana da amfani. Yadda ake haɗa shi da yadda ake ajiye shi ne ke jawo ƙaiƙayi da karyewar gashi, daga baya a ɗora wa ganyen laifi.

Abin da ya kamata kowace mace ta sani kafin ta ɗora ruwa a wuta shi ne, wannan ruwan na ɗauraya ne, ba taki ba ne. Gashi daga cikin fata yake tsirowa, kuma tsawon da yake ƙarawa bai wuce kimanin santimita ɗaya a wata ba. Silin da ya riga ya fito ba shi da rai, ba ya cin abinci. Wadda ke kukan gashinta ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru, galibi yana fitowa daga ƙasa ne yana karyewa daga sama, domin gashinmu a murɗe yake, kuma kowace lanƙwasa wurin rauni ce. Aikin ruwan ganye shi ne ya sa laushi da santsi, mataji ya wuce ba tare da tsinka ba, fatar kai ta samu sauƙi. Idan karyewa ta ragu, tsawon da Allah ya bayar zai bayyana da kansa.

Mu fara da zoɓo, tunda shi ne ya fi sauƙin samu. Kowane silin gashi a lulluɓe yake da wasu 'yan ɓawo da ke kwance a kan juna kamar na kifi. Abu mai kanwa-kanwa yana sa su miƙe, abu mai ɗan tsami yana kwantar da su. A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwa inda babbar lamba ke nufin kanwa-kanwa, fatar kai tana wajen 5.5, shi kuwa sabulun salo da yawancin sabulun wanka suna kaiwa 9 zuwa 10. Shi ya sa bayan wankin kai da salo gashin ke yin kaushi yana cukurkuɗewa. Zoɓo yana da tsami sosai, don haka yana mayar da gashin daidai. Mai son gani da idonta ta ɗiga ruwan zoɓo a cikin ruwan kanwa, nan take jan zai dushe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Wannan rikiɗar ita ce alamar haɗuwar tsami da kanwa.

Ga awon. A ɗauki ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, a tafasa. A zuba a kan busasshen zoɓo cokali uku manya, wanda aka riga aka ɗauraye saboda yashi, a rufe na minti goma sha biyar zuwa ashirin. A tace, sannan a sirka da wata ledar ruwa ɗaya mai sanyi. Sirkin nan wajibi ne, domin zoɓo mai kauri irin na sha ya fi ƙarfin gashi, zai busar da shi, idan kuma akwai ƙurji ko wurin da aka sosa a kai, zai yi raɗaɗi. Babu suga, babu citta, babu ɓawon abarba, ba walima za a yi ba. A jiƙa a kwanon tangaran ko gilashi ko fulas, kada a bar shi a tukunyar alminiyam, domin tsami yana cin ta. Kuma zoɓo rini ne: yana ɓata farin tawul da rigar filo da wuyan farin hijabi, mai furfura kuma za ta ga furfurarta ta ɗauki wani ja-ja na 'yan kwanaki.

Amma a ganina, cikin duk abin da ake yayi babu wanda ya kamo ƙafar karkashi, kuma shi ne aka fi rainawa don kawai na miya ne. Kakanninmu da shi da ganyen magarya suke wanke kai tun kafin shamfu ya shigo kasuwa. Yanzu ana ƙulla irin wannan ganyen a leda mai kyau, a rubuta masa ambunu, sunan da ya yi fice da shi daga Chadi, a sayar da tsada, alhali masu kayan miya suna auna shi da gwangwani. Yauƙinsa ne maganin. A samu busasshen ganyen da ba a daka ba, cokali uku manya a rabin lita na ruwan zafi, a bar shi minti goma sha biyar, a murza da hannu har sai ruwan ya riƙa bin yatsu kamar zare. A tace da ƙyallen tatar koko, ba rariya ba, domin ɗan ɓurɓushin da rariya ke bari yana maƙalewa a gashi, sai an yi kwana biyu ana kakkaɓe shi. Idan garinsa kawai aka samu, cokali ɗaya ya isa, a tace sau biyu. Gargaɗi ɗaya: kada a jefa kanwa kamar yadda ake yi wa miya don yauƙi ya ƙaru. Kanwa ita ce ainihin abin da muke gudu.

Lokacin karkashi shi ne bayan tsifa, kafin wanki. Kitson da ya yi mako uku ko huɗu yana tara gashin da ya zube da kansa, domin kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kuma a cikin kitso ba su da wurin faɗuwa. Idan aka tsefe aka zuba ruwa da sabulu kai tsaye, waɗannan silin suna naɗe masu rai su ƙulle tamau a gindi, har ta kai ga almakashi. Sai a raba kan gida huɗu ko shida, a jiƙe kowane gida da ruwan karkashi, a warware da yatsu daga baki zuwa gindi, sannan a bi da mataji mai manyan haƙora. Tun daga nan za a ga bambancin abin da ya rage a jikin matajin.

Hulba ma tana da irin wannan yauƙin, sai dai bai kai na karkashi ba. Cokali biyu na ƙwayar a rabin lita, ta kwana a jiƙe, awa takwas zuwa goma sha biyu, a tace a yi amfani da ruwan da safe. Warinta yana daɗewa a kai, wadda maigidanta ba ya so gara ta ɗauraye bayan minti goma.

Baƙin shayi irin na Lipton akasin waɗannan ne. Yana da wannan ɗacin mai kama baki, wanda masana ke kira tanin, kuma yadda yake kama baki haka yake kama gashi, ya sa shi ƙarfi da ɗan duhu. Yana yi wa wadda gashinta ya yi laushi fiye da kima, yana miƙewa kamar cingam idan ya jiƙe, ko mai yawan maiƙon kai. Ƙulli biyu a rabin lita, minti biyar kacal, sau ɗaya a mako biyu, kuma dole a ɗauraye a bi da kwandishina. Wadda gashinta dama busasshe ne mai kaushi, idan ta lazimci shayi, zai riƙa ɓallewa kamar tsinken tsintsiya. Kada a jiƙa shi a kwanon da ya yi tsatsa, ruwan zai koma baƙi kamar tawada.

Kanumfari ne ya fi yi wa mata ɓarna. Man da ke cikinsa, wanda ke sa dasashi ya mutu idan an ɗora shi a haƙori mai ciwo, yana da zafi a fata. Ƙwaya biyar ko shida sun isa rabin lita. Masu zuba cikin tafin hannu su bar shi ya tsumu mako guda, sannan su riƙa fesawa safe da yamma, su ne ke ƙarewa da fatar kai tana zafi tana saɓa, su ɗauka amosani ne, su ƙara fesawa. Zugin da ake ji a kai ba alamar magani na aiki ba ne, fata ce ke kuka. Rosmari kuma, wani ganye mai ƙamshi wanda yanayin Filato ya karɓa har ake samun ɗanyensa a wajen masu kayan lambu, reshe uku masu tsawon yatsa a rabin lita, a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan minti goma a rufe. Sunan da ya yi na cewa yana tsiro da gashi ya samo asali ne daga wani gwaji da aka buga a 2015, inda aka kwatanta shi da maganin sanƙo na minoxidil a kan maza 100 tsawon wata shida. Amma mansa aka gwada, ba dafaffen ruwansa ba, kuma a kan sanƙon maza. A yi amfani da shi don ƙamshi da sanyin kai, kada a ɗora masa abin da ba a tabbatar ba.

Ranar wanki, bayan an wanke sabulu tas, a sunkuya a kan roba, a kwarara ruwan ganyen da ɗumi-ɗumi, a tara abin da ya zuba a sake kwarara shi sau uku ko huɗu, ana murza fata da tsokar yatsu ba da farce ba. A bar shi minti biyar zuwa goma. A matse da tsohuwar riga ta auduga, kada a dirje da tawul. Sai matakin da ake yawan tsallakewa, wanda a garinmu shi ne komai. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana zuƙe laimar gashi kafin a ankara. Ruwan ganye ruwa ne, zai tashi. Tun gashin yana da danshi a narka man kaɗanya kamar girman gyaɗa biyu a tafin hannu don kowane gida, a shafa, a fi ba bakin gashin ƙarfi, a yi manyan kalaba. A yi wankin da hantsi, yadda zai bushe kafin a ɗaura ɗankwali. Jiƙaƙƙen kai da aka rufe da hula da ɗankwali da hijabi aka kwana da shi, wari da amosani yake haifarwa.

Sai batun gorar nan ta gaban madubi. Dafaffen ganye ba shi da abin da zai hana shi lalacewa, tamkar kunun aya yake. A ɗaki, kwana ɗaya. A firji mai sanyi sosai, kwana uku, kuma kowa ya san halin wutarmu. Idan ya yi duhu-duhu kamar ruwan kwata, ko kumfa a sama, ko murfin ya yi tsit da aka buɗe, a zubar. Mafi sauƙi a haɗa daidai na rana ɗaya, a wanke gorar da ruwan zafi har bututun feshinta. Kuma a riƙa gwada ganye ɗaya-ɗaya: a shafa kaɗan a bayan kunne, a jira kwana biyu. Wadda ta haɗa bakwai a tukunya ɗaya kanta ya kumbura, wa za ta kama? Amarya da ƙawayenta su kiyaye, ba a fafe gora ranar tafiya, kada a gwada sabon haɗi ana saura kwana biyu kamu.

Akwai kuma abin da ba aikin ganye ba ne. Gaban goshin da ya cinye saboda shuku ko ƙarin gashi mai nauyi da ake ja har gira ta ɗage, maganinsa sassauta kitso tun da wuri, domin idan gindin ya mutu ba ya dawowa. Zubar gashin mai jego, wadda ke farawa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, tana tsayawa da kanta cikin 'yan watanni. Idan ta zarce, ko tana tare da kasala da jiri, a je a auna jini. Makero a kan yara kuwa ƙwayarsa tana cikin gindin gashi ne inda ruwan darbejiya ko kanumfari ba ya kaiwa, sai da maganin sha na makonni wanda likita zai rubuta, kuma a raba wa yaron mataji da hula da tawul don kada ya shafa wa 'yan uwansa. Haka duk wurin da gashi ya kwashe ya bar fata sumul kamar kwabo, ko tsakiyar kai da ke zafi gashin yana raguwa, a kai wa likitan fata, akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.

Na gode da filin, Malam Edita. Wassalam.

Daga wata mai sana'ar kitso da gyaran gashi,
Unguwar Rogo, Jos.