A dinga gaya mana naman da muke ci a gidajen abinci na mol

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan gidajen abincin nan na cikin mol-mol ɗin Accra, don abun ya daɗe yana ci min rai.

Tunda aka buɗe Accra Mall a 2008 can wajen Tetteh Quarshie, daga baya West Hills ta zo a 2014, ga ta Achimota ga ta Nungua, yaranmu na Nima da Mamobi da Fadama suka mayar da zuwa mol wani ɓangare na bikin sallah. Ni ban ga laifi ba, wuri ne mai tsafta ga sanyin AC, ya fi min su je bakin teku inda hankalina ba ya kwanciya.

Toh washegarin ƙaramar sallah na kwashi nawa guda uku da ɗiyar ƙanwata muka hau trotro muka je ɗaya daga cikinsu, ba zan kama suna ba. Yara suka ce kaza da cips suke so, na tambayi yarinyar da ke karɓar kuɗi nace kazar nan yankan Musulmi ce? Ta ce bari ta tambayo manaja, ta dawo ta ce shi ma bai sani ba, a kwali ake kawo musu daga kolsto, wato inda ake ajiye daskararren nama. Ban ga laifinta ba, ƴar aiki ce. Amma ina tsaye ina kallo, a man da ake soya kazar nan aka tsoma sosej, kuma a allon abincinsu akwai na alade. Wallahi jikina yayi sanyi. Muka sha ayis kirim kawai muka fito, ƙaramin yana ta kuka har muka iso gida na saya musu waakye, wato shinkafa da wake, wajen wata Hajiya a layinmu, da taliya da ƙwai da shito, ita kam na san mahaucin da take sayen nama a wajensa tun ina budurwa.

Kowa ya san mafi yawan kajin da ake ci a ƙasar nan daskararru ne da ake shigowa da su ta tashar jirgin ruwan Tema daga Birazil da Amurka da ƙasashen Turai. Wasu kwalayen akwai tambarin halal a jiki, wasu babu. To mai gidan abinci ai shi yake ganin kwalin, me zai hana ya rubuta a bango kowa ya gani? In halal ne a faɗa, in ba shi bane ma a faɗa, babu mai jin haushi, mutum zai ci kifi ko ya yi gaba. Kuma a ware man suya da tukunya, wannan ba wani kuɗi zai ci musu ba.

Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a Ghana Musulmi ne, kuma duk wanda ya shiga mol ranar sallah ya san kuɗin waye ke shiga aljihunsu, ko'ina mayafi ne da hula. Da yawa daga shanun da ake ci a garin nan daga kasuwar Tulaku ta Ashaiman suke fitowa, kuma yawanci ƴan uwanmu ne mahautan, kenan naman halal ba wahalar samu yake ba.

Ina roƙon ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, Allah ya ƙara masa lafiya, da sarakunan zango su zauna da masu mol ɗin nan kan maganar, har da ɗan wurin alwala da sallah, don ranar nan a gefen motocin mutane na shimfiɗa mayafina na yi la'asar. Su kuma iyaye ƴan uwana, in kun je ku tambaya kafin ku biya, in mutum goma suka tambaya a rana ɗaya dole manaja ya je ya duba kwalin.

Taku,
Wata uwa daga Nima, Accra