Wasiƙa daga Winifeg

Assalamu alaikum Ɗanlami,

Ya gida, ya jikin Hajiya? Bala ya tsegunta min wai ka ce sanyin Kanada ya daskarar min da hannu, shi ya sa ba na rubutu. Allah ya shirye ka. Dama akwai tambayar da nake son yi maka kan filin nan, amma bari na fara da abin da ke cin raina.

Na samu ɗan aikin jera littattafai a laburaren unguwarmu, a nan na faɗa karatun abin da 'yan asalin ƙasar nan suka rubuta kan makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka tafiyar. Yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu, a yanke musu gashi, a ba su lamba, a zane su in sun yi yarensu. Kuma ba zancen kaka da kakanni ba ne, sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe, lokacin ni da kai muna satar mangwaro a gidan Baba Maigadi.

Tsoffin ɗaliban da suka nemi diyya kan cin zarafi, wajen mutum 38,000, sun faɗi abin da aka yi musu bisa alƙawarin za a rufa musu asiri. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ranar 19 ga Satumba 2027 za a lalata bayanan, sai wanda mai shi ya yarda a ajiye a cibiyar adana tarihin makarantun da ke Jami'ar Manitoba, nan garinmu. Ban ga laifin kotu ba, amana amana ce. To amma da yawansu sun rasu, wa zai sa musu hannu?

Ka ga ke nan littattafan da suka rubuta da kansu suna cikin abin da zai saura a hannun jama'a. Akwai na Basil Johnston na 1988, da na Isabelle Knockwood na 1992, wadda ta bi tsoffin 'yan makarantarsu ta Shubenakadi tana tattara labarinsu. Kwafinta da ke wurinmu salatif ne ke riƙe da bangon, wani ma ya bi shafukan da jan layi da fensir. Kuma ƙa'idar wurin, littafin da ya daɗe ba a are shi ba sai a cire shi, a sayar a teburin bakin ƙofa a kan dala ɗaya. Shi ne nake arar su da katina, ko na riga na karanta, don kwamfuta ta ga ana nemansu. Kar ka yi dariya, kai da har yau ba ka dawo min da littafin lissafina na aji uku ba.

Wai da gaske ne Sani zai ƙara aure? Da wane kuɗin? Ka ce masa ya fara biyan Bala tukuna. Ka gaida Ummi, ka ce mata yajin ya iso, amma ya kusa ƙarewa.

Naka,
Habu