Amsa ga ungozomar da ta tambaye ni: a hana masu juna biyu cin kifi?

Assalamu alaikum, Malama.

A wajen taron ma'aikatan lafiya kin miƙe kin tambaye ni a gaban jama'a: tunda an ce kifin teku na ɗauke da gubar ƙarafa, ya kamata ki hana masu juna biyu da kike awo a garuruwan bakin teku cin kifi? Lokaci ya ƙure kafin in ba ki amsa, shi ya sa na rubuto.

Kada ki hana su. Ki dai tambaye su wane kifi suke ci, kuma daga wane ruwa aka kamo shi.

Babbar matsalar ita ce zaiba. Tana fitowa daga ƙona gawayin kwal da kuma wajen masu haƙar zinariya da hannu, waɗanda ke haɗa ta da ƙasa su ƙona don su ware zinariyar. Idan ta sauka a ruwa, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka sai su mayar da ita wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda ke maƙalewa a tsokar dabba. Ƙaramin kifi ya ci ƙwari, babba ya haɗiye ƙanana dubu, wanda ya fi shi ya haɗiye shi, kowanne yana gadar gubar duk abin da ya ci. Saboda haka kifin shak da kifi mai takobi da manyan tuna suka fi haɗari, sadin da ire-irensa ƙanana masu gajeren rai kuwa da sauƙi. Wanki ko suya ko banda ba sa fitar da ita, domin a cikin naman take.

Tsoronki yana da tushe, kuma Minamata ce shaida. A wannan garin masunta na Japan, kamfanin Chisso ya yi shekaru yana zubar da ruwan masana'antarsa cikin teku. Kyanwoyi suka fara tangaɗi suna faɗawa ruwa, sannan mutane: hannu da ƙafa su mutu, gani ya ƙuntata kamar mai leƙe ta bututu, magana ta karye. An gano cutar a 1956, amma sai 1968 gwamnati ta amince daga ina take. Abin da ya shafi aikinki kai tsaye shi ne, an samu iyaye mata da ba su nuna wata alama mai tsanani ba, suka haifi yara da ƙwaƙwalwarsu ta lalace tun a ciki. Mahaifa ba ta tare wannan guba.

Sai dai kuma akwai Seshels, tsibiran Tekun Indiya da ake cin kifin teku kusan kullum. An bi yaran can shekaru ana auna su, ba a ga wata illa bayyananniya ba. A tsibiran Faro na arewacin Turai kuwa, inda zaibar ke zuwa daga naman whale, wata ƙatuwar dabbar teku, an ga raguwa a harshe da tunani da natsuwar yara 'yan shekara 7. Ke nan abin da ake ci, da yawan gubar da ke cikinsa, shi ne ke raba gardama. Kifi kuma yana ba ɗan tayi kitsen da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata. Idan kin hana matar masunci kifi, me kika ba ta a madadinsa? Sau da yawa babu.

Dalma da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, su ma suna nan, musamman a dodon-koɗi da ƙaguwa na kusa da tashar jiragen ruwa da magudanar masana'antu. Kadmiyom ƙoda yake ci a hankali.

Ma'aunin kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kada a wuce maikrogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) 1.6 na metilmakuri ga kowane kilo na nauyin jiki a mako. Ba wadda za ta iya auna wannan a kicin, ni ma haka. Abin da za ki iya faɗa wa mai juna biyu shi ne ta fi son ƙananan kifi, ta riƙa sauyawa, ta bar manyan kifaye mafarauta har ta yaye, ta guji kifin da aka kama kusa da inda ake zubar da dagwalo.

Sauran aikin na hukuma ne. An ƙulla Yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka yi don rage gubar zaiba, a 2013, ta fara aiki a 2017. Ki nemi a auna kifin yankinku, a auna gashin kan matan da kike awo, domin zaiba na bayyana a gashi, kuma a sanar da mutane sakamakon da harshen da suke ji.

Na gode da tambayar. Allah ya taimake ki a kan aikinki.