A Yi Hattara Wajen Ɗaga Ƙafafun Motocin Shiga Karkara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu Hilux da Land Cruiser, waɗanda da zarar damina ta kawo kai suke garzayawa gareji a ɗaga musu mota. Na daɗe ina tuƙi tsakanin Jalingo da Gembu da ƙauyukan da ke kan tsaunin Mambila, kuma na san taɓo da kwazazzabo ne suke sa mutum neman wannan gyara.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ɗaga bodi ko ƙara tsawon sifirin ba ya ɗaga aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, ko da ɗan yatsa ɗaya, alhali kuwa shi ne ya fi kusa da ƙasa, shi ne kuma yake fara karo da dutse. Babbar taya ce kaɗai take ɗaga shi, don haka ɗaya daga cikin amfanin aikin shi ne samar wa tayar wurin juyawa. A Hilux ta zamani, wadda kowace ƙafa ta gaba take motsi ita kaɗai, ɗaga ta da inci 2, wato kimanin milimita 50, ya wadatar. Idan aka zarce haka ba tare da canja sauran kayan ƙafa ba, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba zai karkace fiye da kima, robarsa ta yage, yashi ya shiga, sai a wayi gari ana jin ƙara a kowace kwana.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko. Wani bakanike ya cusa mini guntayen ƙarfe a ƙarƙashin sifirin baya saboda araha, ya bar tsohuwar shokafzoba wadda tsawonta bai kai ba, tiyon birki kuma ya miƙe kamar tsirkiya. Allah ne ya kiyaye na gano haka kafin in hau dutse da kaya.

Shawarata ita ce a sayi sifirin da shokafzoba waɗanda aka ƙera su tare, bisa nauyin da motar take ɗauka kullum, domin motar da ke jigilar buhunan masara ba ɗaya take da ta zirga-zirgar ofis ba. A duba tsawon tiyon birki, a ƙarasa ɗaure notuka bayan an sauke motar ta tsaya a kan ƙafafunta, a kai ta a daidaita tayoyin gaba, sannan a saukar da saitin fitilu don kada su kashe wa masu tahowa ido. Direba kuma ya sani cewa babbar taya tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da ainihin gudun da yake yi, kuma mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, musamman idan an lafta kaya a samanta.

Ina kira ga jami'an VIO da shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da su riƙa duba irin waɗannan motoci kafin su ɗauki fasinja zuwa Gembu.

Naka mai karatu,
Wani direba daga Jalingo, Jihar Taraba