Hajiya, Kunyar Ɗalibaina Ta Hana Ni Shiga Gidan Motsa Jiki

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da sauran ma'aikatan gidanku. Na daɗe ina sauraron shirinki, galibi a mota in ina dawowa daga aiki, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma wata rana zan shiga sahun masu rubuto miki ba. Roƙona na farko shi ne ki sakaya sunana. In kin karanta za ki ga dalili, don ita kanta matsalar tawa a kan gudun idon jama'a take.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a nan Kano. Shekarata 48, na shafe 23 daga ciki ina riƙe da alli. Matata ɗaya, 'ya'ya shida. Bayan Babbar Sallar da ta wuce na fara fama da ciwon ƙeya da jiri, na yi ta shan maganin kemis ina cewa gajiya ce, har maiɗakina ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka gwada jinina aka samu 156/98. Na koma sau biyu, duk bai sauka ba. Likita ya ce daga 140/90 zuwa sama hawan jini ne. Aka auna sukari kafin na karya, ya nuna 6.5, ya ce min daga 7 ake kiransa ciwon sukari, wato ina tsaye a bakin ƙofa. Na hau sikeli, kilo 103. Abin da ya fi tsorata ni ba alƙaluman ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara uku, ni nake juya shi, ni nake yi masa wanka. Na san inda wannan hanya take ɓullewa.

Likitan ya rubuta min ƙwaya, ya ce a rage gishiri da magi a miya, sannan ya ce magani kaɗai ba zai yi ba sai na motsa jiki. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa baligi aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, na tafiya mai sauri irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, da kuma kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Na ce a raina wannan ai ba komai ba ne.

Da tafiyar ƙasa na fara, bayan sallar asuba. Hajiya, a garin nan mutum mai mota ba shi da ikon taka ƙasa. Ban yi nisa ba mai babur zai tsaya, "Malam, motar ce ta lalace? Hau in kai ka." In na ce motsa jiki nake, sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "To, Allah ya ba da lafiya," kamar wanda ya zo dubiya. Wata safiya mutum uku suka tsaya. Ga fargabar masu ƙwacen waya in da sauran duhu, ga ƙura. Sai wani abokin aikina ya ce in bar wahalar da kaina, in yi rajista a wani gidan motsa jiki, abin da yaran yanzu ke ce wa jim, can nesa da unguwarmu. Na lale kuɗin wata uku na biya, na sayi kambas da dogon wando irin na 'yan wasa, don ni ba zan iya tsayawa gaban mutane da gwiwa a waje ba.

Ranar farko tun daga ƙofa jikina ya yi sanyi. Kiɗa na tashi, bango duk madubi, ko'ina ka juya kanka kake gani. Ni da na saba da 'yar shara da babbar riga masu rufa asiri, sai ga ni cikin riga mai kama jiki, tumbi ya yi gaba ni ina biye. Ashe shekara da shekaru ban ga kaina a tsaye gaba ɗaya ba. Samari kuwa ga su nan, ƙwanji kamar an hura, suna ɗaga ƙarfe suna gurnani. Ina neman lungun da zan raɓe sai na ji an ce, "La! Malam!" Wani ƙaton saurayi ya taho da sauri ya zube a gabana yana gaisuwa. Ɗalibina ne, na koyar da shi shekaru goma sha da suka wuce, kuma shi ne kocin wurin. Bai tsaya nan ba, ya juya ya ɗaga murya, "Kai jama'a, wannan malaminmu ne na lissafi!" Sai ga wasu biyu sun ajiye ƙarfe sun taho. Su ma nawa ne.

Allah ya sani yaron nan ladabi ya yi min. Amma na so ƙasa ta tsage in shige. Ina tuna shi sarai, ba ya jin lissafi ko kaɗan, kuma ba sau ɗaya ba na sa shi tsallen kwaɗo daga bakin aji zuwa ofishin malamai. Yau ga shi tsaye a kaina da tawul a kafaɗa yana cewa, "Malam, a durƙusa, a miƙe. Saura bakwai." A na huɗu cinyoyina suka hau rawa, na dafa bango ina haki. Ya ce, "Ba komai Malam, a huta." Wannan "ba komai" ɗin ta fi min zagi ciwo. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Haka na daure na je sau uku. A zuwa na huɗu abin ya faru. Koci ya fita, ni kuma kunya ta hana ni tambayar kowa, na hau injin gudu ni kaɗai. Na danna wani maɓalli ina zaton na ragewa ne, ashe na ƙarawa ne. Bel ɗin da ake takawa ya ɗauki gudu, ƙafafuna suka kasa bin sa. Daga baya na ji cewa akwai jan maɓalli na tsayarwa, da wata 'yar igiya da ake maƙalawa a riga wadda ke kashe injin in mutum ya zame. Ni ban san da su ba. Sai ji na yi na dira a gwiwa, injin ya watso ni baya, tabarau ya yi nasa wuri. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi. Wuri ya yi tsit in ban da kiɗa. Wani yaro ya tsinto min tabarau ya miƙo da hannu biyu yana "sannu Baba". Da na saka, abin da na fara gani shi ne wani a gefe riƙe da waya. Ko ɗauka yake, ko saƙo yake dubawa, Allah masani. Mako guda ina karɓar wayar babban ɗana da sunan zan duba wani abu, ina leƙa TikTok gabana na faɗuwa, ina jiran in ga kaina a ƙasa an ɗora min waƙa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Tun ranar ban sake shiga ba, yau mako bakwai. Amma ina fita. Bayan la'asar zan saka kambas, in ɗauki jaka, in ce wa maiɗakina na tafi. In tuƙa har layin, in faka nesa kaɗan inda nake hango ƙofar, in kashe mota. Sai in ce bari waɗancan biyun su shige tukuna. Bari wancan mai jar rigar ya fito. In yi ta zama ina sauraron rediyo, wani lokacin ma shirin naki, har a kusa kiran magariba, sannan in juya gida. Ta tare ni da ruwa tana min sannu da ƙoƙari. Rannan har cewa ta yi ta ga kamar na fara faɗawa. Mutumin da yake hukunta yara a kan ƙarya, ga abin da ya koma yi. Da na zauna na raba kuɗin da na biya gida huɗu, na ga abin da kowane zuwa ya ci, sai da na yi tsaki.

Mutanen waje ma ba su taimaka ba. Ita kanta maiɗakin da farko cewa ta yi, "Wannan gyaran jiki haka, ko amarya za a yi mana?" Wasa take, amma ya shiga. A majalisarmu kuwa da labari ya isa, sai da aka yi mako ana shan shayi da ni. Wani ya ce tumbi ai alamar hutu ne, wasu nema suke ba su samu ba. Wani ya ce bayan arba'in sai tasbaha, tsalle-tsalle na yara ne. Mai wannan maganar na san yana haɗiyar ƙwayar hawan jini kullum safe, a kemis ɗaya muke saye. Amma a gaban jama'a ni ne abin dariya, kuma na kasa ce masa komai.

'Yata ta biyu tana karatu a Jami'ar Bayero, ita kaɗai ta lura wani abu na damuna, ko da yake ba ta san zurfinsa ba. Ta ba ni labarin wani bincike da wani masanin halayyar ɗan Adam, Thomas Gilovich, ya yi da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka, aka wallafa a shekarar 2000. An sa ɗalibai sanya riga mai hoton wani mawaƙi da suke jin kunyar a gan su da ita, aka tura su ɗakin da wasu ke zaune. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin za su lura da hoton, amma da aka tambaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. Ta ce, "Abba, kowa ta kansa yake yi, masu kallon madubin nan kansu suke kallo." Na yarda da lissafin, sana'ata ce. Sai dai na ce mata waɗancan ba malamin kowa ba ne a ɗakin. Ni an riga an yi shela da sunana. Wanda bai lura da tumbina ba ai ya ji an ce malamin lissafi ne ya faɗo daga inji. Kuma gobe ƙanensa yana ajina.

Wannan ne ainihin abin da ke ci na, Hajiya. Mu an tashe mu a kan cewa kunya ado ce, babba ba ya gudu, ba ya cin abinci a titi, ba ya barin na ƙasa da shi su ga gazawarsa. Malami kuma da kwarjini yake riƙe aji, in ya zube ba ya kwasuwa. Mun kuma sani kunya tana daga cikin imani. Amma da na ɗan gutsura wa limaminmu zancen, sai ya karanto min hadisin da ke cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma a kowannensu akwai alheri. Ya tuna min cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Ya ce wa ya kai shi girma? Na rasa amsa. Tun daga nan nake tambayar kaina, wannan abin da ke danne ni a kujerar mota, kunyar ce da ake yabo, ko kuwa girman kai ne ya yafa mayafinta? In girman kai ne, ya aka yi nake jin sa kamar tsoro, har tafin hannuna na gumi?

Na yi tunanin canza wuri. To ina? In ka ƙiyasta yara 200 a shekara sau 23, ka haura 4,000, kuma duk suna cikin garin nan, daga Kurna har Hotoro. Na yi tunanin sayen inji in ajiye a gida, amma albashin malami ba zai ɗauka ba, ga rashin wuta, kuma na ga na maƙwabcina ya zama wurin shanya tawul. Da hantsi aka ce wurin ba kowa, ni kuma lokacin ina aji. Wani lokaci in ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, in haƙura da ƙwayar kawai. Sai in tuna Baba a kwance yana kallon rufi, bakinsa a karkace, yana son ya ce a ba shi ruwa ya kasa. Wadda ta fi wannan tonon asiri ai babu, kuma 'ya'yana ne za su ɗauka.

Don haka nake neman shawararki, da ta masu sauraro, musamman dattawa irina da suka taɓa shiga wannan hali, in akwai su. Yaya mutum yake taka ƙofar wurin da ya faɗi a gaban yaransa? In kira kocin gefe in gaya masa gaskiya, in roƙe shi ya daina zube min a gaban mutane, ya ɗauke ni kamar kowa, ko hakan zai ƙara zubar da ni a idonsa? Ita kuma maiɗakina, in fasa mata ƙwan cewa mako bakwai a mota nake zama, ko in gyara a ɓoye in bar shi a cikina? Wannan ta fi damuna fiye da yadda na zata kafin na fara rubutun nan.

Kuɗin da na biya zai ƙare ƙarshen watan nan, likita kuma ya ce in koma bayan mako uku, zai tambaye ni. Yaron nan kocin ya kira ni sau biyu ban ɗauka ba. Shekaranjiya ya turo saƙo: "Malam, Allah ya sa lafiya. Gwiwar ce har yanzu? In an fi son asuba, ni nake buɗe wurin, ba kowa sai ni." Na karanta ya fi sau goma, ban ba shi amsa ba. Me zan ce masa?

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naki mai sauraro,
Wani malamin makaranta, Kano.