Zuwa ga ƴan uwa ƴan Maradi mazauna waje: batun tattakin 2 ga Afrilu

Assalamu alaikum. Iyaye, yayye da ƙanne na Faransa, Beljiyam, Amurka, Saudiyya, Kwatano da Abijan, kwamitin gida na gaishe ku. Ya baƙunta, ya iyali?

A zamanmu na ƙarshe mun tsayar da shawarar yin tattaki cikin gari ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 don faɗakarwa kan otizim. A rediyo za ku ji ana cewa galahanga, amma a bakin mutane kalmar ta zama buhun da ake zuba kowace lalurar yara a ciki, shi ya sa muke kiran abin da sunansa.

Abin da ya tunzura mu wata baiwar Allah ce daga Bagalam da ta zo zaman da ɗanta mai shekara 6. Tun da suka zauna, yaron bai dubi kowa ba. Murfin kwalba ya samu yana juyawa a kan tabarma, ya juya, ya juya. Da aka tada injin wuta a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa, ya fara jijjiga jiki. Uwar ta ce rabonta da biki ko suna shekara 3 ke nan, don in ta fita da shi sai a yi ta raɗa: ɗan ruwa ne, shafar aljanu ce, ko kuma ita ce ba ta iya tarbiyya ba. Ta sayar da awakinta biyu wajen neman hayaƙi da rubutu. Ba mu ga laifinta ba, wa zai ga ɗansa haka ya zauna? Sai dai ko sau ɗaya ba wanda ya ce mata lalurar tana da suna, kuma ba ita kaɗai ba ce.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kamar yaro 1 cikin 100 ne ke da otizim, maza sun fi yawa. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, gado na da hannu a ciki, kuma alamun kan fito kafin shekara 3: a kira sunan yaro bai waiga ba alhali yana ji, ba ya haɗa ido, magana ta yi jinkiri. Wani zai yi lakwal har jami'a, wani sai an kula da shi iya rayuwa. Ba ta da maganin sha, amma koyarwa da wuri tana sauya abubuwa da yawa. Kuma don Allah a bar ɗora wa allurar rigakafi: binciken 1998 da ya haifar da wannan jita-jita a Ingila, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Za mu tashi bayan sallar asuba, kun dai san zafin Afrilu a Maradi. Muna neman izini mu fara daga ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi, tafiya gajera wadda tsohuwa ma za ta iya. Ba kiɗa, ba lasifika, ba ƴan kabu-kabu masu busa oda. An ɗan ja da mu a kan wannan, wasu suka ce tattaki ba ganga ai jana'iza ce. Muka ce waɗanda ake yi dominsu ƙarar ce ke korarsu.

Gudunmawa kuwa, kowa ya ba da abin da ya sauwaƙa, ko jika biyar ce, ta hannun ma'ajin reshensa. Riguna kaɗan za mu buga. Kuɗin zai tafi ne a ruwan sha, adaidaita da za su ɗauko uwaye daga unguwanni, da zaman kwana ɗaya tsakanin malaman lakwal, malaman allo da ma'aikatan lafiya.

Akwai abin da ya fi kuɗin. Mun san a cikinku akwai waɗanda likita ya gaya musu ɗansu na da otizim, suka yi shiru, ko kakar yaron a nan ba ta sani ba. Wanda ya iya, ya yi mana saƙon murya na minti biyu da Hausa ta WhatsApp: yadda ya gane, abin da ya taimaka, abin da ya ɓata masa kuɗi a banza. Ba sai ka faɗi sunanka ba. Za mu kunna wa uwayen a inuwa bayan tattaki, a hankali. A turo kafin 20 ga Maris.

Wassalam,
Kwamitin gida, Maradi