Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Game Da Hunturu Da Hutun Ƙarshen Shekara

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa mun ji daɗin wayar da muka yi da kai ranar Lahadi, sai dai wata magana da ka faɗa cikin raha ta tsaya mini a rai, ita ce ma dalilin wannan wasiƙa. Ka ce tun da hunturu ya kama kana tashi cikin duhu, ka zauna gaban kwamfuta, kafin ka ɗaga kai duhu ya sake rufewa, har kakan yi kwana uku ƙafarka ba ta taka waje ba, tun da kamfaninku ya yarda ku riƙa aiki daga gida. Da mahaifiyarka ta tambaye ka abin da za ka yi da hutun mako biyu na ƙarshen shekara, sai ka ce akwai wata manhaja taka ta kanka da kake son ƙarasawa. Ita dariya ta yi, ni kuwa shiru na yi.

Bari in fara da batun hasken rana. A Landan, wajen 21 ga Disamba, tsawon yini bai cika awa 8 ba, a Helsinki kuwa bai kai awa 6 ba, kuma garin da kake yana tsakanin biyun ne. Idan lokacin aikinka ya cinye ɗan yinin nan gaba ɗaya, to wata uku za su wuce jikinka bai san an yi rana ba. Likitoci sun daɗe da sanin illar haka. Tun a 1984 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Norman Rosenthal, shi da abokan aikinsa suka bayyana irin damuwar da ke zuwa da hunturu, wadda alamominta suka haɗa da kasala, yawan barci da ƙyamar shiga mutane. Ban ce kana da ita ba, amma na ji muryarka ta yi sanyi, uba kuwa ba ya rasa gane muryar ɗansa. Ka riƙa fita da tsakar rana kana tafiya a ƙasa ko da ta rabin awa ce, domin hasken waje, ko gari ya yi lumshi, ya ninka na fitilar ɗaki nesa ba kusa ba. Rabin awa sau biyar a mako shi ne minti 150, mafi ƙarancin motsa jikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi. Ka kuma tuntuɓi likitanka game da sinadarin bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Hukumomin lafiya na Birtaniya suna ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a watannin sanyi, masu duhun fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara.

Sai maganar hutu, wadda ita ce ta fi damuna. Ka taɓa yi mini bayani cewa kamfanoni da yawa sukan dakatar da sakin sababbin gyare-gyare a ƙarshen shekara, saboda kada wani kuskure ya ɓulla a manhaja alhali masu gyara sun watse. To idan kamfanin da ke biyan ka ya ga dacewar ya tsaya, ban ga abin da zai hana ka tsayawa ba. Idan zaman ko-ta-kwana ya faɗo kanka, ka riƙe shi da amana, wayarka a kusa, ka amsa kira a kan lokaci. Amma ranar da ba taka ba ce ka kashe sanarwar saƙonnin aiki, kada ka leƙa don kawai ka ga abin da ake ciki. Wanda ya saba amsa saƙo a lokacin hutunsa, shi ya koya wa mutane su neme shi a lokacin.

Na san amsar da za ka ba ni, domin kai ka ba ni labarin. Za ka ce ai Guido van Rossum a hutun Kirsimeti na 1989 ya fara ƙirƙirar Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, lokacin da aka rufe ofishinsu a Amsterdam yana neman abin da zai ɗebe masa kewa, ga shi yau da harshen kake cin abinci. Gaskiya ne, kuma ba zan hana ka wasa da abin da kake so ba. Amma ka lura cewa shi don nishaɗi ya fara, ba wanda ya ɗora masa wa'adi. Kai kuwa yadda ka yi maganar taka manhajar, da ambaton ranar gamawa da ƙorafin cewa sa'o'inka sun wuce ka, ya nuna mini aiki na biyu ka ɗauka ka laƙaba masa sunan sha'awa. Idan ka buɗe ta ka ji daɗi, ci gaba. Idan kuwa ka ji kamar bashi ake bin ka, rufe ta har Janairu.

Abin da nake so ka nema shi ne abin sha'awa guda wanda hannu da jiki za su yi, ido kuma ya huta daga allon kwamfuta. Kana yaro ba ka da abin so kamar kwance tsohuwar rediyo ka sake haɗa ta, sau da yawa ma da saura ƙusa biyu a hannunka. Sassaƙa, gyaran keke, iyo a wurin wanka na cikin gini, ko koyon sulu a kan dusar ƙanƙara da abokan aikinka suka gayyace ka har sau biyu ka ƙi, duk suna nan. Ka amsa gayyatar nan. Za ka faɗi, za a yi maka dariya, kuma mutumin da aka saba zuwa wurinsa neman mafita yana bukatar inda shi ne ɗan koyo. Fa'idarsa ta biyu ita ce za ka zauna da mutane ido da ido, domin taron da kuke yi kowace safiya ta bidiyo, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau cikin minti goma sha biyar, ba zumunci ba ne.

Mahaifiyarka ta ce in ƙara maka da cewa ka sayi takalmin da ba ya santsi, ka kuma daina kwanciya bayan ƙarfe ɗaya na dare, domin tana ganin lokacin da saƙonninka ke shigowa. Ranar Lahadi mai zuwa ka kira mu da rana, kana waje, muna so mu ga dusar ƙanƙarar nan da idonmu.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka.